Hafla daban, munaƙasha daban, shahada daban: yadda ake gama masta da dakta a Saudiyya

Duk shekara idan lokacin haflar yaye ɗalibai ya zo a nan Saudiyya sai ka ga WhatsApp ya cika da hotunan 'yan uwanmu, wannan ya saɓa mishlahi, wato alkyabba, wancan ya rataya wishahi, wato ƙyallen kafaɗa, an rubuta sunansa da zare mai ruwan zinare, can gida kuma Kano ko Zariya ko Maradi an fara kiran mutum Dakta, har an fara tambayar yaushe jirginsa zai sauka. Sai wata uku ya wuce, wata biyar ya wuce, mutum yana nan Madina ko Makka bai motsa ba, daga nan sai surutu ya tashi, wai ko dai bai gama ba ne, wai ko wata matsala ya samu yake ɓoyewa, wasu ma har su ce ai daɗin Saudiyya ne ya riƙe shi. Abin nan yana damuna wallahi, domin mafi yawan lokuta babu wanda ya yi wa wani ƙarya, kawai dai ranaku uku ne mabambanta muke haɗa su mu kira su da suna ɗaya. Akwai ranar hafla, akwai ranar munaƙasha, wato ranar da ɗalibi ke kare bincikensa a gaban malamai, sannan akwai ranar da majalisar jami'a ta zauna ta amince a ba ka digirin. Ta ukun nan ita ce gamawa, kuma ita ce ba a ɗaukarta a hoto, shi ya sa babu mai tuna ta.

Bari mu fara da haflar tunda ita ce ke ruɗa mutane. Hafla biki ne na jami'a, a yawancin jami'o'i sau ɗaya ake yinta a shekara, kuma al'adar ƙasar nan ita ce a yi ta ƙarƙashin kulawar gwamnan yankin, a Madina yanzu Yarima Salman bin Sultan ne tun ƙarshen 2023, kafin shi Yarima Faisal bin Salman. To ka ga kenan ranar ba ta bin inda risalarka, wato kundin bincikenka, ta tsaya, tana bin kalandar jami'a ne da lokacin da babban baƙo zai samu zuwa. Tunda sau ɗaya ce, dole a tattara mutane iri-iri a cikinta: wanda ya gama tun zangon farko har ya karɓi takardunsa, da wanda ya yi munaƙasha makon jiya, da kuma waɗanda ake kira mutawaƙƙa'u takharrujuhum, wato waɗanda ake sa ran za su gama a ƙarshen zangon. Wannan rukuni na ƙarshe su ma suna sa rigar, suna shiga jerin gwanon, ana kiran kulliyarsu, wato tsangayarsu, su miƙe a tafa musu, alhali wani a cikinsu ko lajanar, wato kwamitin malaman, da za ta karanta risalarsa ba a kafa ba tukuna. Jami'a ba ta yaudari kowa ba, ta faɗa a sanarwarta ƙarara, mu ne ba ma karanta sanarwar har ƙarshe. Kamar biki ne da ɗaurin aure, ana iya yin kamu a yi walima a ci a sha, amma in waliyyai ba su zauna an ɗaura ba to babu aure, haka kuma in an ɗaura ko ba a yi shagali ba aure ya tabbata. Wanda bai je hafla ba saboda yana gida ko ba shi da lafiya, digirinsa na nan babu abin da ya taɓa shi.

Ita kanta haflar tana da nata ƙa'idoji, kuma mutanenmu suna yawan rasa ta saboda sakaci ɗan kaɗan. Sai ka yi rajistar cewa za ka halarta ta shafin jami'a cikin kwanakin da aka ware, in ka bari suka wuce to kujerarka ta tafi. Akwai ranar karɓar riga da wishahi, akwai ranar gwaji inda ake nuna wa kowace kulliya inda za ta tsaya, akwai katin gayyata wanda adadinsa ƙayyadadde ne ga kowane ɗalibi, kuma saboda tsaron babban baƙo ana rufe ƙofa tun da wuri, wanda ya zo da lokacin Najeriya zai kalli abin ne daga waje. A jami'o'i da yawa ta maza daban ta mata daban, wani lokaci ma rana daban, don haka 'yar uwa mai karatu a Jami'ar Ummul Ƙura ta Makka ko Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda ta tambaya tun da wuri waye za a bari ya shiga mata. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdullah (KAUST) da ke Thuwal kuwa tsarinta ya fi kama da na Amurka, can an saba yin bikin a watan Disamba. Kowa dai ya duba na makarantarsa, kada ya ɗauki na abokinsa ya yi aiki da shi.

To mene ne ainihin sharaɗin gamawa? A nan sai an koma ga la'iha, wato kundin dokokin karatu. Shekaru masu yawa jami'o'in gwamnati na Saudiyya suna aiki da la'iha ɗaya ta karatun gaba da digiri wadda ta fito a 1417 Hijiriyya, sannan a farkon 1444, wato 2022, majalisar harkokin jami'o'i ta fito da sabuwa wadda ta sakar wa kowace jami'a hannu ta rubuta nata ƙa'idojin aiwatarwa. Wannan ya sa abin da babban yayanka ya gaya maka wanda ya gama shekara takwas da suka wuce zai iya zama gaskiya a zamaninsa amma ya sauya a naka. Duk da haka ƙashin bayan tsarin yana nan, kuma tsohuwar la'ihar ita ce ta fi nuna shi a fili. A cikinta masta mai risala sai ka yi aƙalla wahda 24 na darussa (wahda ita ce ma'aunin nauyin darasi, wato unit) sannan risalar, masta marar risala kuwa wahda 42 da ƙaramin bincike a ciki. Dakta mai darussa da risala wahda 30. Muddar masta daga zango 4 zuwa 8, dakta daga 6 zuwa 10. Ba a ɗaukar ka ci darasi sai ka samu aƙalla matakin jayyid (mai kyau), kuma ba za ka fita ba sai mu'addal ɗinka, wato matsakaicin makinka gaba ɗaya, ya kai jayyid jiddan (mai kyau sosai).

Wannan na ƙarshen ina so a tsaya a kansa. A jami'ar da ke lissafi a kan 5 kamar Jami'ar Musulunci ta Madina ko ta Sarki Sa'ud a Riyad, jayyid jiddan yana farawa ne daga 3.75, a masu lissafi a kan 4 kuma daga 2.75. Ma'ana mutum zai iya cin kowane darasi, bai faɗi ko ɗaya ba, amma in duk da jayyid ya riƙa tsallakewa to mu'addal ɗinsa bai kai ba, kuma ba zai gama ba. Ɗalibanmu da suka zo daga tsarin gida inda in ka wuce ka wuce suna shan mamakin wannan, musamman a shekarar farko da mutum ke fama da sabon wuri da Larabcin malamai da kewar iyali. Shekarar manhajiyya, wato ta darussan aji, ba wurin ɗaga ƙafa ba ne, abin da ka tara a can shi zai bi ka har ranar ƙarshe.

Masu dakta kuma akwai ikhtibar shamil a tsakani, jarabawa ce ta gaba ɗayan fannin bayan an gama darussa, rubutu da baki, in ba ka haye ta ba babu maganar risala. Bayan nan sai huɗɗa, wato tsarin binciken da za ka gabatar wa ƙisminku, wato sashenku. Kafin a karɓi maudu'i ana neman ifada, wato takardar bayani, mai nuna cewa ba a riga ka yin rajistarsa ba, ana samo ta daga Laburaren Ƙasa na Sarki Fahad da ke Riyad, masu fannonin addini da Larabci kuma sun san Cibiyar Sarki Faisal ta bincike. Huɗɗar za ta bi majalisar ƙismi ta bi ta kulliya ta wuce sama, kuma taken da aka amince da shi a ranar shi ne taken da za a nema a bangon risalarka bayan shekara biyu ko uku, kalma da kalma. In a tsakiyar aiki kai da mushrif, wato malamin da ke duba aikinka, kuka ga ya dace a sauya wata kalma a taken, to a mayar da shi majalisa a gyara a hukumance tun lokacin, kar a bari sai an zo kafa lajana sannan a gano bango da takarda ba su yi daidai ba. Wasu jami'o'in, musamman a ɓangaren kimiyya da injiniyanci, sun ƙara da sharaɗin sai ka buga maƙala a mujallar ilimi kafin a ba ka damar munaƙasha, kuma mujalla ba ta san kana sauri ba, tana iya riƙe maƙala wata shida tana dubawa. Sannan yanzu kusan ko'ina sai an saka risala a manhajar gano kwafe kafin ta wuce.

Sai ranar munaƙasha, ranar da kowa yake jira. Duk wanda ya taɓa zama a irin ɗakin nan ya san yadda yake. Dogon tebur a gaba, malamai uku a zaune, mushrif a tsakiya shi ne mai gabatarwa, ɗalibi shi kaɗai a ɗan ƙaramin tebur a gefe da kwafinsa da biro da gorar ruwan da ba zai sha ba, a baya kuma 'yan ƙasa sun cika kujeru da manyan riguna da huluna, an ajiye dabino da gahawa a bakin ƙofa. Ɗalibi zai karanta bayaninsa, sannan munaƙishi na farko, wato malamin da ke masa tambayoyi, ya buɗe nasa kwafin wanda duk ya nannaɗe kusurwar shafuka, ya fara, shafi kaza layi kaza ka jingina hadisin nan ga Tirmizi alhali lafazin na Abu Dawuda ne, shafi kaza ka ce malamai sun yi ijma'i ba ka kawo wanda ya naƙalto ijma'in ba, shafi kaza ka ɗauko maganar daga littafin zamani alhali asalin littafin yana nan an buga shi. Haka za a yi awa biyu ko uku, ɗalibi yana rubutawa yana cewa na'am ya shaikh, jazakumullahu khairan. Daga nan lajana ta keɓe ta yi shawara, ta dawo, kowa ya miƙe tsaye, mushrif ya karanta ƙarar, wato hukuncin da aka yanke. Da an ji mumtaz ko martabatush sharafil ula, wato sakamako mafi daraja, sai ɗaki ya ɗauki kabbara da mabruk, a rungume mutum, waya ta fara ƙara daga gida. To a cikin hayaniyar nan ne ake rasa abubuwa biyu da aka karanta. Na farko lajana cewa ta yi tana ba da shawara a ba shi digirin, ba ta ce ta ba shi ba, don ba ta da wannan ikon. Na biyu kusan kullum akwai jimlar bayan ya yi gyare-gyaren da aka nema.

La'ihar ta ba lajana hanya huɗu ne. Ko ta karɓi risala yadda take, wanda ba kasafai ake gani ba, ko ta karɓa da sharaɗin gyara ba tare da an sake zama ba, ko ta ce a cike giɓi a dawo a sake munaƙasha cikin lokacin da bai wuce shekara ba, ko ta ƙi karɓa. Mafi yawan mutanenmu a ta biyu suke faɗawa, kuma wannan alheri ne, amma tana da agogo: tsohuwar la'ihar wata uku ta ba da daga ranar munaƙasha, kuma ana wakilta ɗaya daga cikin malaman ya duba ya sa hannu cewa an yi gyaran. A nan ne nake ganin 'yan uwa suna yi wa kansu illa. Mutum ya sha wahalar shekaru, jiki ya saki, ga walima nan ga ziyara can ga Umarar godiya, sai ya ce bari in huta mako biyu, mako biyu ya zama wata, ya dawo ya buɗe takardar da ya yi rubutu a kai ranar munaƙasha ya kasa gane rabin abin da ya rubuta saboda hannunsa na rawa a lokacin. Ni shawarata a nan ba ta da sassauci: ka sa wani amintacce ya naɗi zaman gaba ɗaya in an yarda, ka roƙi malaman su ba ka kwafinsu masu alamomi tun a ɗakin kafin su fita, sannan ka fara gyara a makon, tun maganar tana kunnenka. Malamin da aka wakilta shi ma mutum ne, yana da hutu, yana tafiya, in munaƙishi na waje ne daga wata jami'ar a wani gari to samunsa ma aiki ne.

Bayan sa hannunsa takarda za ta fara tafiyarta, kuma tafiya ce ta majalisu. Shugaban ƙismi ya ɗaga rahoto, ya bi ta kulliya, ya je imada, wato ofishin shugaban karatun gaba da digiri, daga can a kai majalisar jami'a ko wanda ta wakilta, a fitar da ƙarar ba da digiri. Kowace majalisa tana da ranakun zamanta, ba kullum take zama ba. In Allah ya sa ka yi munaƙasha a tsakiyar zango abin yana tafiya da sauri, in kuwa ta faɗo dab da hutun ƙarshen shekara ko hutun Hajji, wanda a shekarun nan suke zuwa kusa da juna, to takardarka tana iya kwana a tebur har a dawo. Wannan shi ne wata ukun ko biyar ɗin da mutanen gida ba su gane ba. A cikin wannan lokaci kuma za a nemi ka miƙa kwafin ƙarshe na risala ga laburaren jami'a, a kuma ajiye a laburaren ƙasa, kuma sai an ga shaidar ka miƙa sannan a ci gaba. Ranar da aka fitar da ƙarar nan ita ce ranar gamawarka a hukumance, ita za ka rubuta a duk fom ɗin da ya tambaye ka yaushe ka gama, ba ranar hafla ba.

Akwai wani abu ƙarami da yake zama babba, shi ne suna. Shahada, wato takardar digirin, tana fitowa da Larabci da Turanci, kuma in ba ka je da kanka ka duba bayananka a tsarin jami'a ba, ma'aikaci zai iya juya sunanka daga Larabci zuwa boko yadda ya saba, Usman ya koma Othman, Abubakar ya rabu biyu, sunan kaka ya shigo inda fasfo bai sa shi ba, ko ranar haihuwa ta motsa da kwana ɗaya wajen juya Hijiriyya zuwa Miladiyya. A nan ba wanda zai ga aibin haka, amma ranar da ka ajiye shahadar kusa da fasfo da sakamakon sakandare a gaban wani jami'i a Abuja ko Yamai zai ce maka mutum biyu ne. Gyara kafin a buga aikin minti kaɗan ne, gyara bayan ka bar ƙasa kuwa sai wakili da wasiƙu da jira. Harafi da harafi yadda yake a fasfo, haka za ka sa a rubuta.

Daga nan sai ikhla'u ɗaraf, wato takardar da ke nuna babu wanda ke binka komai. Laburare ya ce ka mayar da littattafai, masaukin ɗalibai ya ce ka miƙa makulli, asusun ɗalibai ya ce babu bashi a kanka, haka dai. Yanzu yawanci ta intanet ake yi, amma littafi ɗaya da ka ara shekara uku da suka wuce ka ba wani ya tafi da shi Sakkwato zai iya tsayar da komai. Ga ɗan minha kuma, wato mai karatu da tallafin gwamnatin Saudiyya, abin ya haɗe da zama a ƙasar baki ɗaya, don jami'a ce kafilinka, wato mai ɗaukar nauyin zamanka, iƙamarka ta izinin zama a hannunta take, gama karatu yana nufin huruj niha'i, wato fita ta ƙarshe. Bizar fita ta ƙarshe kwana 60 take ba ka ka bar ƙasa, kuma ba ta fita in akwai tarar hanya da ba ka biya ba ko mota da sunanka wadda ba ka sayar ka sauya mata suna ba, duk wannan kana iya gani a manhajar gwamnati ta Absher tun kafin lokaci. Mai iyali sai ya haɗa da na matarsa da 'ya'yansa, in an yi haihuwa a nan a tabbata jariri yana da fasfo da takardunsa, wannan kaɗai yana cin makonni. Tsarin minha ya tanadi tikitin komawa da kuɗin mukafa'a, wato alawus, na wata uku don jigilar littattafai, haƙƙinka ne ka nema, sai dai ka sani ita mukafa'ar wata-wata tana bin muddar da aka ware wa karatun, wanda ya shiga ƙarin lokaci sau da yawa ya kan wayi gari ta tsaya, ga haya ga iyali. Shi ya sa jinkirin gyaran nan da na ambata ba lokaci kawai yake ci ba.

Abin da na fi jin tsoro ga ɗan uwa shi ne ya bari a buga masa huruj kafin ya gama tasdiƙin takardunsa, wato buga musu hatimin tabbatarwa. Shahada da kashfud darajat, wato takardar makin darussa, suna buƙatar hatimin jami'a, sannan na ma'aikatar harkokin waje ta Saudiyya wadda ke da reshe a Madina da Jidda, sannan ɗan Najeriya ya kai ofishin jakadancinmu a Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda. Kowanne da layinsa da ranar da za a ba ka, kuma a lokacin Hajji hankalin ofisoshin nan duk yana kan alhazai. In kwana 60 sun fara ƙirguwa kana tsakiyar wannan, za ka yi shi ne a guje, in ma ka samu gamawa. Ka yi kwafi fiye da ɗaya, ka ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya bayan an buga hatimi ka ajiye a imel, ka karɓi takardar da ke bayanin darussan da ka yi in jami'arku tana bayarwa, don wata rana wata jami'ar za ta tambaya.

Kuma kar wani ya ce ai zan dawo Umara in ƙarasa. 'Yan uwanmu na Sudan sun ga abin da ya fi wannan. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, ɗalibanmu na Jami'ar Afirka ta Duniya da sauran jami'o'i suka fito ta iyakar Masar wasu ta Port Sudan da abin da hannu ya iya ɗauka, a cikinsu akwai waɗanda sun gama komai takarda kawai suke jira, akwai waɗanda ta fito ma suka ce sai an kwana biyu za su je su karɓa. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Ba ina cewa irin haka za ta faru a nan ba, Allah ya kiyaye, amma ko annobar korona a 2020 ta rufe jirage wata da watanni, kuma wanda ya fita da huruj niha'i ya dawo da bizar Umara baƙo ne, ba shi da iƙama, abubuwa da yawa da yake yi da kansa a da sai ya nemi mai yi masa.

In an isa gida ma tsugune ba ta ƙare ba. A Najeriya takardar waje sai ta bi ta ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja an tantance ta, kuma a nan ne batun NYSC ke tasowa ga wanda ya yi digirin farko a Madina ya zarce masta ya zarce dakta bai taɓa komawa ya yi hidimar ƙasa ba. Hukumar tana duba shekarunka ne a lokacin da ka gama digirin farko, in ba ka kai 30 ba a lokacin to hidima tana kanka ko da yanzu furfura ta fito, in ka haura kuwa takardar yafewa za ka nema, kuma aikin gwamnati da na jami'a suna tambayar ɗaya daga cikin biyun. Wanda kuma ya zo da hutun karatu daga wata jami'a ko kwaleji a gida, su can ba hoton hafla za su karɓa su ƙara masa matsayi ba, shahada suke so ko aƙalla ifadar da ke ɗauke da lambar ƙarar majalisa, don haka in hutunka zai ƙare kafin takarda ta fito ka rubuta musu tun da wuri ka haɗa da takarda daga imada mai bayanin inda aka tsaya.

Sai maganar kawo iyaye, wadda na san tana ran kowa, don babu ɗan da ba ya so mahaifiyarsa ta ga wannan rana bayan shekarun da ta yi tana addu'a. In za ka kawo su ka zaɓa da ido buɗe. Hafla tana yawan faɗowa ne a ƙarshen shekarar karatu, kuma a shekarun nan wannan lokacin yana karo da rufe Umara saboda shirin Hajji, a 2025 misali 15 ga Shawwal ce ranar ƙarshe ta shigowa da bizar Umara, 1 ga Zulƙi'ida kuma ta fita. Ga katin shiga ƙayyadadde, ga ɗalibai dubbai, Baba zai iya zama can nesa bai ma hango ka ba, Hajiya kuma wataƙila ba ɓangarenta ba ne sam. Munaƙasha kuwa a yawancin jami'o'i a buɗe take, ɗaki ne ƙarami, sunanka kaɗai za a kira, mahaifi zai zauna a sahun gaba ya ji malamai suna yaba aikin ɗansa, kuma sau da yawa mushrif da kansa yakan zo ya gaishe shi bayan an tashi. Matsalarta kawai ranarta ba ta tabbata sai an kafa lajana malamai sun gama karatu sun yarda da rana, wani lokaci mako biyu ko uku kawai za a ba ka, kuma tana iya ɗagawa in wani malami ya samu uzuri. Don haka kar ka yanki tikitin da ba a sauya masa rana, kuma kar ka sanar da gida wata rana sai sanarwar ta fito daga kulliya a rubuce.